Saura Kashi Bakwai

Fankar kwamfutar na ta kuka kamar za ta tashi sama, kibiyar linzami kuwa ta kafe a tsakiyar allo, ko gezau. Injiniya, kamar yadda maƙwabtan shagonsa ke kiransa duk da ko ƙofar jami'a bai taɓa takawa ba, ya taɓa gindinta ya janye hannu da sauri. Ya ce da wanda ya kawo ta, wannan ai har ƙwai sai ta soya.

Mutumin bai yi dariya ba. Dogo ne, kaya a goge, magana ƙasa-ƙasa. Ya ce kwamfutar ƙanwarsa ce, malamar jinya. An yi mata canjin wurin aiki cikin gaggawa, ta tafi ta bar ta a gida, yanzu kuma ta dame shi a kan wata takarda da ke ciki. Kwana uku yana fama, da ya kunna sai ta daskare.

Injiniya ya jinjina kai. Shi ma yana da ƙanwa, ya san halinsu, su yi mantuwa a bar yaya da wahala.

Ya kashe kwamfutar, ya ɗora ta kan ƙarfen teburinsa ta huce. Kusurwar murfin a fashe take, har roba ta ɓare. Mutumin ya ce faɗuwa ta yi. Da aka sake kunnawa ta nemi kalmar sirri, ya sunkuyo ya danna, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Sai a na uku ta buɗe.

Kafin ta sake daskarewa Injiniya ya yi wuf ya buɗo shafin da ke nuna abin da ke cin ƙarfinta. Ƙwaƙwalwar ta cika maƙil, firosesa, wato injin da ke sarrafa ayyukanta, na kan ɗari bisa ɗari. Ya rufe shafukan intanet kusan talatin da suka taso da kansu, ya kashe manhajojin da ke farkawa tare da ita. Lambobin ba su sauka ba.

Can ƙasan jerin ya gano ɓarawon. Wata 'yar manhaja ce marar suna mai ma'ana, ta haɗiye komai ita kaɗai. Da ya leƙa aikinta sai ya gane ɓarnar da take yi. Goge fayiloli take yi ɗaya bayan ɗaya, tana bin gurbinsu tana rubuce shi yadda har abada ba za a dawo da su ba. Ta kai kashi casa'in da uku. Zafi da tsufan injin ne kawai suka hana ta ƙarasawa.

Ya bayyana wa mutumin. A karon farko ya ga ya motsa, ya dafa teburin da hannu biyu.

"Tsayar da ita, Injiniya."

"Yallaɓai, ko dai ƙanwar taka ce ta saka ta da kanta? Irin wannan ba ta shiga sai da hannun mutum."

Mutumin ya ce yarinyar ba ta san komai a kan na'ura ba, duk abin da aka turo mata dannawa take yi.

Sau biyu Injiniya na kashe manhajar tana dawowa. Sai da ya kunna kwamfutar ta hanyar masu gyara, wadda ba ta barin komai ya tashi sai abin da ya zama dole, sannan ya tumɓuke ta daga tushe. Fanka ta yi shiru. Kibiya ta shiga yawo kamar ba ita ba. Ya ji daɗin kansa ƙwarai, don ba kowane mai gyara a layin nan zai iya ba.

Hotuna sun tafi, saƙonni sun tafi. Fayiloli kaɗan suka tsira a jakar ƙarshe. Mutumin ya ja kujera ya bi su a natse, har ya tsaya kan wata takardar hayar ɗaki mai kwanan watan makon jiya. Ya ɗauki hotonta da waya, ya ƙara girman layin adireshin ya sake ɗauka.

Ya biya ninkin abin da aka ce. Injiniya ya tuna masa fankar na buƙatar wanki, mutumin ya ce a riƙe kwamfutar, ba sauri. Ko lambar waya bai bari ba. Daga bakin ƙofa Injiniya ya ga motarsa ta ratsa tsakanin masu tsallaka titi ba tare da ta rage gudu ba.

Injiniya ya dawo zai kashe kwamfutar ya kwance murfin ƙasa don wanke fankar. Da ya rufe takardar hayar sai fayil na gaba ya bayyana a allo, da hatimin kotu a samansa. Umarni ne da ya haramta wa wani mutum kusantar malamar jinyar ko neman sanin inda take zaune, saboda barazanar da ya yi wa ranta. A gefe ga hoton dogon nan mai magana ƙasa-ƙasa, a layin dangantaka kuma an rubuta: tsohon mijinta.