Ranar da Guduma Ta Ajiye Bajo

Ke Nas, kai Auta, ku matso ku zauna. Na gaji da gaba a cikin gidana. Ƙungiyar ma'aikatan jinya za ta yi bikin tunawa da kafuwarta, an kawo shawarar a mayar wa yayata, Innarku Guduma, bajon da aka karɓe mata, tun tana da sauran numfashi. Ke kina cikin kwamitin, kin rantse ba za ki yarda ba, wai doka doka ce. Kai kuma saboda haka ka daina gaishe da yayarka. To ku buɗe kunne.

A wancan zamanin duk wadda ta iya ɗinka farar riga ta zama nas. Allura ɗaya a soka wa unguwa guda, a goge ta a gefen zane. Su Guduma, 'yan kaɗan da suka yi karatun, su suka taru a ɗakin wanki na asibiti suka kafa ƙungiyar. Suka yi ta sintiri daga wannan ofis zuwa wancan har aka yi doka: wanda ba shi da bajo, babu shi babu allura.

Ita aka ɗora a kan bincike, kuma a nan ta samo sunan. Ta shiga shago, ta tattake kwalabe da takalminta, ta jawo mai shagon ta wuyan riga har gaban 'yan sanda. Babu lungun da ba ta leƙa ba sai na bayan mahauta. Shi kam kullum sai ta ce gobe.

Wata rana da hantsi aka kawo ɗan wani mahauci asibiti, cinya ta kumbura ta yi baƙi, haƙora sun datse. A hannunta ya cika. Ta tambayi wanda ya yi masa allurar, aka ce tsohuwar nan Mai Allura ta bayan mahauta. Ko safar hannu ba ta cire ba, ta fita a guje.

Ta tarar an riga ta. An farfasa tagar ɗakin, an jawo tsohuwar a ƙasa har tsakiyar lungu. Ɗankwali ya faɗi, goshi ya tsage, jini na shiga mata ido. An rataya mata taya a wuya, wani ƙato yana tuttula mata fetur. Mahaucin na tsaye da ashana a hannu.

Guduma ta ratsa mutane da gwiwar hannu. Ta shararo wa mai galan mari, galan ya faɗi. Wani ya jefe ta da dutse ya raba mata kunne, ko shafawa ba ta yi ba. Ta ce musu wannan aikinta ne, ita doka ta ba, kowa ya ja baya.

Mahaucin ya ce, "Dokarki za ta tashi ɗana? Gobe a sake ta, ta koma sana'arta."

Ta dubi bakin lungu, babu ɗan sanda ko ɗaya. Ta dubi hannunsa, ya riga ya zaro tsinke.

Ta ce, "Da wane hannu ta soke shi?"

Ba ta jira amsa ba. Ta faɗa cikin gidan, ta sunkuya wa gajeriyar ƙofar nan ba tare da ta kalle shi ba, ta nufi bayan randa kai tsaye, ta fito da turmi da taɓarya. Ta kife turmin. Ta cire tayar ta yar. Ta kama hannun daman tsohuwar ta ɗora a kai.

Tsohuwar ba ta fizge ba, ba ta kuma ɗago ta dube ta ba. Da kanta ta baje yatsun.

Guduma ta ɗaga taɓarya ta sauke. Ƙarar kamar an taka busasshen itace. Ta sake ɗagawa ta sauke, ta sake, har yatsun suka daina kama da yatsu. Mutanen da suka zo ƙona mutum da ransa suka riƙa kawar da kai. Masu duwatsu suka sake su ɗaya bayan ɗaya.

Ta ɗaga hannun sama kowa ya gani, jini na gangarowa a farar rigarta. Ta ce, "Wannan ya gama allura har abada. Mai neman ƙari ya fara ta kaina."

Mahaucin ya daɗe yana kallo. Ya tofar da yawu, ya mayar da ashanarsa aljihu, ya juya.

A bayanta ta goyo tsohuwar har asibiti. Ita ta wanke, ita ta ɗaure, ba ta bar kowa ya taɓa ba.

Ƙungiya ta zauna a kanta. Cikin dokokin da ita ma ta sha rana wajen kafawa akwai wadda ta ce nas ɗin da ta ɗaga wa mutum hannu cikin farar riga ta bar aikin. Aka tambaye ta ko tana da hanzari, ta ce babu. Da hannunta ta ɓalle bajon ta ajiye a kan tebur. Ita ce mutum ta farko da dokar ta ci. Ta koma ɗinki, har tsufa ba ta sake taka asibiti da sunan aiki ba.

Ni ban yi karatunku ba, ba zan yanke muku hukunci ba. Ku je ku zauna, ku kashe maganar nan tsakaninku kafin ranar taron. Sai dai ku tafi da wannan: hannun kakarku da kuka taso kuna gani a murɗe, ba injin niƙa ya ci shi ba kamar yadda muka gaya muku, shi ne hannun da ke kan turmin.