Fasto a Ƙofar Gidan Yari

Gandiroba ya karɓe wayar Fasto, ya zare masa bel, ya daka masa tsawa: "Ɗaga hannu!"

Fasto ya ɗaga. Warin da ke fitowa daga ciki ya daki hancinsa. A bayansa matarsa ta riƙe masa riga gam, tana kuka.

"Baban yara, ka dube ni mana! Me zan gaya musu?"

Bai juyo ba. Ya san in suka haɗa ido, ƙafarsa ba za ta ɗagu ba.

Aka ja ƙofar ƙarfe. Shugaban gidan yarin ya fito, ya yi turus.

"Kai kuma? Shekara tara ka yi a nan kan laifin wani. Shekaranjiya kotu ta wanke ka, da hannuna na buɗe maka. Me ka manta?"

Fasto ya dube shi. "Yallaɓai, yau Lahadi. Mutum arba'in na ciki suna jiran sujada, ba su da wani fasto."

Matar ta share hawaye, ta dubi shugaban.

"Ƙarfe biyu ka fito mini da mijina. Ina nan, ba inda za ni."