Kwanon Ɗan Fari

Sai da ya sauka daga babur a Kebbe ya tuna bai riƙo ko goro ba. Jawabi kawai ya riƙo, wanda ya haddace tun daga Tambuwal: gandu ya watse, ƙannensa kowa ya kama gabansa, bai kamata Inna ta tsufa ita kaɗai a makeken gida ba. Yau zai tafi da ita.

Ya tarar tana kwasar tuwo, ga kwanuka jere. Ɗakin ƙanensa malamar asibiti ce a ciki. Nasa kuwa wata Bafulatana ce da 'ya'yanta, mijinta ya yi kudu da shanu.

"Inna, kaɗaici zai kashe ki a nan."

"Wa yac ce maka ni ɗai nike? Kai da kag gina gida babu zaure, kai nika tausai. Zamna."

Ba ta dube shi ba, kunyar ɗan fari, amma man shanu sau biyu ta zuba masa.

Ya waiga yana neman tsohon kwanonsa mai lotsattsen murfi, wanda ba a taɓa ba kowa ba. Kwanon yana hannun Bafulatanar.

Shi a farantin baƙi aka ba shi.