Duwatsun Ƙarƙashin Rumbu

Malam Sallau, na karanta takardar neman aikin da ka rubuta da Turanci. Manyan kalmomi kam ka zuba su, har sai da na ɗauko ƙamus. Amma ƙananan nan, su in da on da at, masu nuna inda abu yake da lokacin da ya faru, ka watsa su yadda suka faɗo. Da na yi magana ka ce ai ba su da wani nauyi. Abin ya dame ni, don na san kana bukatar aikin nan. Zauna ka ji.

Wani manomi ne Allah ya ba shi damina mai albarka, ya sami gero dami ɗari da ɗoriya. Ya ce bana sai ya gina rumbun da babu irinsa a ƙauyen. A garinsu kuwa ba a kafa rumbu sai an jera duwatsu a ƙasa, a shimfiɗa itace a kansu, don ginin ya rabu da ƙasa, iska ta riƙa ratsawa. Kowane dutse bai fi kan mutum girma ba, amma wurin ɗaukarsu da ɗan nisa, shi kuma yana ɗokin ganin gini ya tashi. Maƙwabcinsa ya tuna masa, shi kuwa manomin ya ce wa zai tsaya leƙen ƙarƙashin rumbu? Ya ɗora gininsa a kan ƙasa, ya yi masa jinka mai kyau. Masu wucewa har tsayawa suke suna yabo.

Ya ajiye geron don tsakiyar damina, lokacin da hatsi ke ƙarewa a gidaje. Ranar da matarsa ta ce tsaba ta ƙare, ya ɗaga jinka ya shiga. Dammunan sama lafiya lau. Da ya ɗauke biyu zuwa uku sai hannunsa ya nutse cikin ƙasa mai laima. Gara ta bi ta ƙarƙashi ta cinye, abin da ta rage ya ruɓe. Ya fito ya zauna a inuwar rumbun, 'ya'yansa suna kallonsa, saura wata biyu sabon gero ya nuna. Jikin rumbun ko tsagewa bai yi ba.

Wanda zai karanta takardarka ba daga nesa zai tsaya ba, Malam, ciki zai shiga. Koma ka sa kowace ƙaramar kalma a mazauninta kafin ka kai. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.