Cikin da Ya Kwanta Shekara Biyu

"Ciki ne ya kwanta, jikana barci yake," in ji Iya, surukar Dije kuma ungozomar ƙauyen.

Shekara biyu da rasuwar mijinta Mati, Dije tana cikin takaba, don mai ciki sai ta haihu take fita. Al'adarta takan ɗauke wata huɗu, ta ɗan ɗiga, ta sake ɓacewa. Ranar da jiri ya kayar da ita, maƙwabta suka kai ta asibitin garin Madani. Likita ya ce babu ciki, rama da zazzaɓi ne suka rikita mata jini, kamata ya yi ta zo tuntuni.

Ta dawo ta tarar da Iya tana toya kisra, gurasar dawa.

"Iya, babu komai a cikina."

"Na sani tun watan farko," in ji Iya, ba ta ɗago ba. "In kin koma garinku Rufa'a, wa ya rage mini?"