Ƙuri'ar Hajjo

Ku yaran yanzu, da an miƙo muku dubu biyu da ledar taliya sai ku bi mota a guje kuna "sai ka yi!" har silifas ɗinku ya tsinke. Ba ku san abin da kujera take ci ba. To ku natsu ku ji yadda ta ci Onarabul Mustapha.

Hajjo tsohuwa ce mai sayar da ɗanwake a ƙofar wani kamfanin jima a Challawa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ta baro ƙauyensu a Jigawa, ta biyo autanta Habibu da ke wanke fata a ciki. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma dariya sai da dalili.

A bayan gidansu kamfanin yake sako ruwan jima. Yau ja, gobe shuɗi, jibi baƙi wuluk. Rijiyoyin unguwa suka fara wari, har awaki suka ƙi sha. Aka kai koke majalisar jiha, aka ce shugaban kwamitin muhalli zai zo da kansa. Shi ne Mustapha, ɗan majalisar mazaɓar, wanda kowa ya san a gidan wani attajiri na cikin birni ya tashi.

Ya zo, mota shida. Mata suka jeru riƙe da kwalaben ruwan rijiya. Hajjo kaɗai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jefa ɗanwake. Bai ko sauke gilashi ba. Ya shige ofishin manaja, ya ci, ya sha, ya fito. Bayan mako biyu aka ji a rediyo cewa kwamiti ya duba, ruwa lafiya lau.

Da damina ƙafafun Habibu suka kumbura. Likita ya ce ƙoda ce, duka biyun. Bai ga babbar sallah ba.

Ranar sadakar uku wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar Hajjo. Direba ya durƙusa ya miƙa mata makulli.

"Onarabul ya ce ga gida a Nassarawa, ku bar unguwar nan."

"Gidan zai ɗauki unguwar duka?"

Direba ya sake miƙo mata makullin.

"To mayar masa."

Maƙwabciyarta Rut, 'yar kudancin Kaduna mai aiki a kamfanin roba, ta tafa hannu. "Mama, kin ga ɓarawon nan? Bakinki yake so ya saya!"

"Kada ki zage shi a ƙofata," in ji Hajjo. "Zagi ba ya wanke rijiya."

Zaɓe ya zagayo, Mustapha yana neman kujera karo na uku. Hajjo ta kife tukunya, ta ɗauki kwalbar ruwan nan, ta bi unguwa gida-gida. Ba ta wa'azi. Ta ajiye kwalba a tsakar gida, ta jira masu gida su shaƙi warin, sannan ta ce, "Kada ku ba mutumin nan." Shi ke nan. Ma'aikata suka ɗauki maganar zuwa Sharada da Bompai, ta bi su har gidajensu.

Ranar zaɓe ta daɗe a tsaye kafin ta dangwala yatsa, malamin zaɓe ya ɗauka tsufa ne. Mustapha ya faɗi da ratar ƙuri'a ƙasa da ɗari uku. A akwatin unguwarsu huɗu kacal ya samu. Mata suka zo suna guɗa, suka tarar ta rufe ɗaki. Kwana uku ba ta hura wuta ba. Aka ce Habibu ta tuna.

Shi kuwa bai daddara ba. Ya sayar da gidaje ya nemi majalisar Abuja, aka kayar da shi tun a fidda gwani. Masu yi masa kirari suka koma wajen sabon mai kujera. Cikin shekara uku ɓarin jikinsa ya shanye, ya ƙare a gidan haya a Na'ibawa.

Direban nan ya dawo, wannan karon a ƙafa.

"Baba, jikin Onarabul ya yi tsanani. Ba abin da yake faɗa sai a kira ku. Gafara yake nema."

"Yanzu ya san Allah!" in ji Rut.

Hajjo ta ce, "Na ji."

Kwana biyu tana zaune. In ta ɗauki mayafi sai ta ga ƙafafun Habibu, ta ajiye. Ran na uku da safe ta miƙe, Rut ta raka ta don kada ta faɗi a hanya. Manyan motoci suka toshe titi, adaidaita sahu ta tsaya cak fiye da awa guda. Hajjo tana ta motsa baki, tana bitar kalmomin da za ta faɗa masa: na yafe maka duniya da lahira.

Suna shan kwanar layin, makara tana fitowa.

Hajjo ta zauna daɓas a tsakiyar hanya. Kukan da ta yi ko ran mutuwar Habibu ba a ji irinsa ba. Rut ta kama ta tana girgizawa. "Mama, tashi! Me ya haɗa ki da gawar nan?"

Ko a ranar kunya ba ta bar ta ta ambaci sunansa ba. Ɗan farinta ne, wanda wan mijinta, attajirin nan na cikin birni, ya ɗauka riƙo tun ranar yaye. Ga abin da Onarabul ya biya: ya shiga kabari bai ji "na yafe" daga bakin uwar da ta haife shi ba.