Mata Suna Hadda, Riɗi Yana Zuba

Talatu ta gaji da daka. Ita ce shugabar ƙungiyar mata masu man riɗi a wani ƙauye da ke gefen Kafin Hausa, kuma duk man da suke kaiwa kasuwa da turmi da ƙarfin damtse suke fitar da shi. Da ta ji wata ƙungiyar tallafi a Dutse za ta raba wa matan karkara injin tatsar mai, ba ta yi sanya ba. Sai dai da Turanci ake son takardar neman, a cikinsu kuwa babu mai jin sa.

Ƙanin mijinta Tasi'u ya karɓi aikin. Ya yi karatu a birni, ko ruwa zai roƙa sai ya sirka da Turanci. Ya rubuta, aka aika.

Ana tsakiyar yankan riɗi amsa ta shigo wayarsa. An ce su yi "revise" na kashi na biyu na takardar, su sake turowa kafin ƙarshen wata, sannan su zo ganawa.

"Me ake nufi da shi?" in ji Talatu.

"Bita, Yaya. Tun a firamare muka san wannan. In jarrabawa ta matso, malami ya ce a yi revise, sai kowa ya koma ya haddace. Tambayoyi za su yi muku."

"Anya? Mu da ba ’yan makaranta ba? Ka kira su mana ka ji."

Tasi'u ya haɗe rai. "In kira in ce ban gane ba? Ni? Ai sai su raina mu gaba ɗaya."

Talatu ta bi ra'ayinsa, tunda shi ne mai karatu. Haka aka fara tara mata kullum a ƙofar gidanta. Tasi'u ya tsaya da takarda a hannu yana biyawa, suna amsawa. Inna Murja, wadda ta fi kowa tsufa a ƙungiyar, in ta kama kalma ɗaya sai biyu su kuɓuce mata.

"Ɗan nan, harshena ba ya juyuwa," ta ce. "Ga riɗina can a jingine a gona ya bushe, yana jiran kakkaɓa."

"Inna, riɗi ba zai gudu ba. Inji fa ake magana."

Ran Talatu ya yi ta ɓaci. Ta sake cewa a tambaya, ya ce ta bar masa. Ta ce ko a nuna wa wani malamin makaranta, ya ce wato shi bai isa ba ke nan. Ta yi ƙwafa ta koma cikin sahu tana maimaita abin da ba ta san ma'anarsa ba. Da wa'adi ya zo, Tasi'u ya ƙara waƙafi a wuri biyu, ya mayar da takardar yadda take.

Ranar ganawa suka cika mota zuwa Dutse, kowacce tana motsa baki kada haddarta ta zube. Jami'ar da ta karɓe su, Malama Madina, ta buɗe takardarsu ta duba, ta ɗago kai.

"Hajiya, ai wannan ita ce ta farkon. Ba ku taɓa komai ba."

"Mun yi bita, Malama," in ji Talatu. "Inna, fara."

Inna Murja ta miƙe ta gyara mayafi za ta soma. Malama Madina ta riƙe baki.

"Zauna, Inna, don Allah. Ba hadda muka nema ba. Gaskiya ne ɗalibi yana revise kafin jarrabawa, amma in aka faɗa a kan rubutu, ana nufin a koma a gyara abin da ke ciki, a cire, a ƙara. Kashi na biyu bai faɗi inda za ku ajiye injin ba, bai faɗi wadda za ta kula da shi ba. Abin da muka yi ta jira ke nan."

"Ai na gyara waƙafi," in ji Tasi'u, murya ƙasa-ƙasa.

"Wannan proofread sunansa, tsintar ƙananan kurakurai. Da so muke a rushe a sake daga farko, rewrite za mu ce. Ga lambarmu a ƙasan saƙon, me ya hana ku kira?"

Talatu ta juya ta dubi Tasi'u. Shi kuwa takalminsa yake kallo.

"Malama," in ji Talatu, "ɗakin ajiye injin yana nan, mun share shi tuntuni. Mai kula ma mun zaɓa. Da bakina zan faɗa miki yanzu."

"Na yarda, Hajiya. Amma tunda wa'adi ya wuce ba ku gyara ba, an rufe, an riga an raba. Injinan sun tafi."

Suka hau mota suka koma gida. Washegari da suka fita gona, kwanson riɗin ya riga ya farfashe, tsabar ta zube a ƙasa, tururuwa na ta jida. Inna Murja ta durƙusa tana tattara abin da ya saura haɗe da yashi, hawaye na bin fuskarta. Abin da za ta ci har damina ke nan. Talatu ta tsaya a kanta cike da takaici.

Jama'a, kalmar Turanci ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, kuma sanin guda bai sa ka san sauran ba. In aka damƙa maka amanar mutane, ka cire girman kai ka tambayi abin da ba ka tabbatar ba, domin kuskurenka su ne za su ɗanɗana kuɗarsa.